Maƙogwaro Ɗaya, Garke Guda: Waiwaye a Kan Mel Blanc

A watan Maris na 2025, masu biyan kuɗin dandalin kallo na Max a Amurka suka wayi gari suka tarar an kwashe tsofaffin gajerun katun na Looney Tunes, waɗanda aka yi tsakanin 1930 da 1969. An nemi Bugs Bunny, zomon nan mai gatsar karas yana raina wa mafarauci hankali, an rasa. Haka Daffy, agwagwa mai hassada, da Porky, alade mai in'ina. Abin da ya fi ɓata wa masoyansu rai shi ne dandalin mallakar kamfanin Warner ne, wato gidan da aka haife su. Bayan 'yan watanni wani dandali na kyauta mai suna Tubi ya karɓi ɗaruruwa daga cikinsu, don haka ba su ɓace daga duniya ba. Amma kowa ya gane cewa a lissafin masu gida, kayan nan sun zama tsohon yayi.

Alamun sun daɗe da bayyana. Tun 1960 shirin Bugs Bunny yake zuwa a manyan tashoshin talabijin na Amurka, yawanci da safiyar Asabar, lokacin da yara ke baje a ƙasa gaban akwati da kwanon karin kumallo a cinya, iyaye kuma na ramuwar barci. Shekara 40 aka yi ana haka, sai a 2000 aka rufe shirin. A 2014 tasha ta ƙarshe cikin manyan da ke ware safiyar Asabar don katun ita ma ta haƙura. Yaron yau ba ya jiran wata rana ko wata sa'a, tunda waya na hannunsa.

Wanda ya taso da waɗannan fina-finai, a Amurka ne ko a ƙasashen da tashoshinsu suka sayo su, idan ya tuna da su sauti ne ke fara zo masa kafin hoto: ƙaras-ƙaras ɗin karas, feshin yawun kyanwa Sylvester in ya buɗe baki, siririyar muryar tsuntsu Tweety, da rugugin Yosemite Sam, gajeren nan mai jan gashin baki da bindiga biyu. Dukkansu daga maƙogwaro ɗaya suka fito. Sunan mai shi Mel Blanc.

An haife shi a San Francisco ranar 30 ga Mayu, 1908, cikin iyalin Yahudawa, ya girma a Portland ta jihar Oregon. Makaɗi ne tun farko, yana jan goge irin na Turawa, yana busa babban ƙahon tagullar nan da ake kira tuba, kuma wannan kunne na makaɗi shi ya riƙe shi har ƙarshen rayuwa. A 1927, yana ɗan shekara 19, ya shiga gidan rediyon KGW a wani shirin barkwanci mai suna The Hoot Owls. A shekarar ce aka fitar da The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe zamanin magana a silima, kuma shekara guda bayan haka Walt Disney ya fito da Mickey mai sauti. Sana'ar da za ta ɗauke shi ita ma a lokacin take rarrafe. A 1933 ya auri Estelle Rosenbaum, suka buɗe shirin kansu a tashar KEX. Babu kuɗin ɗaukar 'yan wasa, saboda haka duk mutumin da labari ya buƙata, Blanc ne zai zama shi. A 1935 suka tattara suka koma Los Angeles.

Rediyon wancan zamani makaranta ce mai tsanani. Kai tsaye ake watsa shiri, ba gogewa ba maimaitawa. 'Yan wasa na tsaye kewaye da makirfo, rubutu a hannu, ana juya shafi a hankali don kada ƙarar takarda ta shiga kunnen mai sauraro. Wanda zai yi magana ya matso, wanda ya gama ya ja da baya, kowa na karanta numfashin ɗan'uwansa. A shirin Jack Benny, wanda ke cikin mafi farin jini a ƙasar, Blanc ya yi aku, ya yi malamin goge Bafaranshe da ɗalibinsa ya gallaba, ya yi mai shelar tashar jirgin ƙasa. Wata rana faifan da ke ba da ƙarar tsohuwar motar Benny, ƙirar Maxwell, ya ƙi tashi ana tsakiyar shiri. Blanc ya matsa gaban makirfo ya yi tarin injin da baki, da shaƙewarsa da mutuwarsa. Jama'a suka fashe da dariya, daga ranar kuma motar ta zama tasa.

Ƙofar katun ba ta buɗe masa da sauƙi ba. Ya sha ba da labarin yadda ya yi ta zarya a sutudiyon Leon Schlesinger, wanda ke yi wa Warner katun, ana ce masa ba a buƙatar sabuwar murya. A ƙarshen 1936 Treg Brown, mai kula da sauti, ya saurare shi. Aikinsa na farko muryar mashaya ne masu shigar bijimi, a Picador Porky na 1937. A shekarar kuma aka ba shi Porky.

Akwai ɗaci a cikin wannan sa'a tasa. Wanda ke yin Porky kafin shi, Joe Dougherty, mai in'ina ne na gaske. Ba ya iya tsayar da ita inda darakta ke so, ɗaukar murya na cin lokaci, kuɗi na tafiya. Sai aka sallame shi aka kawo wanda zai iya kunna in'inar ya kashe ta yadda aka ga dama. Lalurar mutum ce aka mayar abin dariya, sannan aka raba shi da abincin da take kawo masa. A fim ɗin da Blanc ya fara yin Porky, wato Porky's Duck Hunt, a nan Daffy ya fara bayyana. A 1940 darakta Tex Avery ya fito da A Wild Hare, inda Bugs ya samu kamanni da muryar da aka san shi da su. Blanc ya ce ya haɗa karin harshen unguwanni biyu na birnin New York ne, Brooklyn da Bronx, domin yana son zomon ya yi magana kamar ɗan birni wanda ba a yi masa wayo.

A gidan Schlesinger murya ake fara ɗauka, zane ya biyo baya. Darakta, ko Friz Freleng ne ko Chuck Jones ko Bob Clampett, zai nuna wa Blanc labarin a zazzane, hoto bayan hoto. Daga nan ya tsaya gaban makirfo ya karanta duk maganganun zomo, ya dawo ya karanta na agwagwa, Treg Brown ya yanka ya harhaɗa su su zama zance. Masu zane kuma su zauna suna sauraro suna ƙirga gaɓoɓin kowace kalma, domin hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, kuma dole leɓe ya buɗe daidai inda sauti ya faɗo. Inda Blanc ya ja numfashi, nan gira za ta ɗaga. Inda ya ɗan yi jinkiri, nan zomo zai juyo ya kalli 'yan kallo. Fim na minti 6 ko 7 yakan ci watanni.

Karas ɗin ma na gaske ne. An gwada wasu kayan lambu, ba su ba da ƙarar da ake so ba. Sai ya gatsa, ya tauna, ya tofar a kwandon shara, domin in ya tsaya haɗiyewa maganar da ke biye za ta makara. Daga nan jita-jita ta bazu wai jikinsa ba ya karɓar karas, har sai da ya fito ya ƙaryata. Muryar Yosemite Sam kuwa tana yayyaga masa maƙogwaro, shi ya sa yakan bar ta sai ƙarshen aikin yini. Kuma kada a ɗauka na'ura ba ta da hannu tun a lokacin: ana ƙara wa faifan Daffy da Porky da Tweety sauri don muryar ta ƙara tsini. Daffy, a gaskiya, muryar Sylvester ce aka hanzarta.

Wanda ke son ganin iyakar gwanintarsa ya nemi Rabbit Fire na 1951. A ciki Bugs ya yi shigar Daffy yana kwaikwayon maganarsa, Daffy shi ma ya yi shigar Bugs. Mutum ɗaya ke yin dukkan biyun, amma mai sauraro yana jin sarai cewa zomo ne ke ƙoƙarin zama agwagwa bai gama iyawa ba. Duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya da dare ya san tushen wannan sana'a. Tsohuwa ɗaya ce a kan tabarma, amma in ta zo kan Gizo sai ta lanƙwasa harshe ta yi tsamin baki, in ta zo kan Kura ta buɗe maƙoshi, ba ta buƙatar faɗin wa ke magana. Ana ce wa Blanc mai murya dubu, ko da yake shi ya ce sun ɗan haura 400. Yawan ba shi ne abin mamakin ba. Kowace murya tana ɗauke da hali: tsoro ne ko girman kai ko yunwa, ana ji tun daga kalmar farko.

Duk da haka, a shekarunsa na farko babu wanda ya san sunansa a silima, domin ba a rubuta sunan mai murya. Adriana Caselotti, budurwar da ta yi Snow White a 1937, dala 970 aka biya ta, sunanta bai fito ba, fim ɗin kuwa ya kwaso miliyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hujjar da ake bayarwa ita ce kada a ɓata wa yara mafarki, su gane mutum ne ke bayan zanen. Amma akwai ta aljihu: wanda ba a san sunansa ba, ba shi da bakin neman ƙari. Blanc ya ɗanɗani wannan ta hanyoyi daban-daban. Disney ya ɗauke shi ya yi muryar kyanwa Gideon a Pinocchio na 1940, daga baya aka yanke shawarar kyanwar ba za ta yi magana ba, aka bar shaƙuwarsa kawai a fim ɗin. A shekarar ya ƙirƙiri dariyar Woody Woodpecker a kamfanin Walter Lantz. Ya bar aikin bayan 'yan fina-finai, amma aka ci gaba da juya dariyar har 1951. A 1948 ya kai ƙara ya sha kaye, saboda bai yi wa dariyar rajistar mallaka ba, ko da yake Lantz ya sasanta da shi a wajen kotu.

Yadda shi ya faɗa, ya nemi Schlesinger ya ƙara masa albashi aka hana shi, sai ya ce to a rubuta sunansa. Wannan ba ya cin ko sisi, aka amince. A Little Red Riding Rabbit na 1944 sunan Mel Blanc ya fito a allo a matsayin mai muryoyi. Masu shirye-shiryen rediyo suka fara nemansa da suna, a 1946 har tashar CBS ta ba shi shiri nasa.

Sai dai inuwar da ya samu ta rufe wasu. A wancan fim ɗin na 1944, Bea Benaderet ce ta yi yarinyar, Billy Bletcher ya yi kyarkeci, amma sunan Blanc kaɗai aka gani. Arthur Q. Bryan ya yi kusan shekara 20 yana muryar Elmer Fudd, mafaraucin da rabin dariyar Bugs ta dogara a kansa, ya rasu a 1959 jama'a na zaton Blanc ne. June Foray, wadda ta karɓi muryar tsohuwar uwar ɗakin Tweety a tsakiyar shekarun 1950, ita ma sai a farkon shekarun 1960 aka fara rubuta sunanta a fina-finan kamfanin. Ba shi ya tsara wannan rashin adalci ba, amma ya ci moriyarsa, kuma tarihin da ya tsallake wannan bai cika ba. Foray ba ta zauna ba: ita ta assasa kyautar Annie ta masu katun a 1972, ta kuma daɗe tana fafutuka har aka ware wa dogon fim na katun tasa kyautar Oscar, wadda aka fara bayarwa a 2002.

Ranar 24 ga Janairu, 1961, motar Blanc ta yi karo da wata a kan titin Sunset Boulevard, a wata kwana da ta riga ta yi ƙaurin suna wajen cin rayuka. Ƙafafunsa biyu da ƙugu suka karairaye, kansa ya fashe, ya shiga doguwar suma ta kusan mako biyu a asibitin jami'ar UCLA. Matarsa da ɗansa Noel suka yi ta kiran sunansa, shiru. Sai wani likita ya canza dabara, ya tambayi Bugs Bunny yadda yake ji yau. Daga kan gado, a raunane, muryar zomo ta amsa. Likitan ya kira Tweety, shi ma ya amsa. Blanc da ɗansa da likitan duk sun ba da wannan labari daga baya.

A lokacin yana yin Barney Rubble a The Flintstones, wanda kamfanin Hanna-Barbera ya fara a 1960. Daws Butler ya riƙe masa na 'yan makonni. Da aka mayar da shi gida, jikinsa a naɗe cikin filasta, sai aka rataya makirfo a saman gadonsa, sauran 'yan wasan suka kewaye shi, aka ci gaba da aiki yana kwance. Hukumomin birnin kuma suka gyara kwanar.

Daga nan talabijin ta zama gidansa. Ya yi Dino a The Flintstones, ya yi Mista Spacely a The Jetsons, kuma tsakanin 1963 da 1967 ya yi kururuwa da nishin Tom and Jerry a fina-finan da Chuck Jones ya shirya, don haka masu kallo da yawa a Najeriya da Nijar sun ji shi ba tare da sun sani ba. A shekarun 1970 kamfanin American Express ya sa shi a talla wadda gaba ɗayanta a kan haka aka gina ta: mutumin da kowa ya san muryarsa, ba wanda ya san fuskarsa. Taba ce ta ci huhunsa, domin tun yana yaro ya fara sha, bai daina ba sai yana ɗan shekara 77. A Who Framed Roger Rabbit na 1988 ya yi Bugs da Daffy da Porky da Tweety da Sylvester, amma Yosemite Sam ya fi ƙarfin maƙogwaronsa, Joe Alaskey ya karɓa. Ya rasu ranar 10 ga Yuli, 1989, yana da shekara 81. A kan kabarinsa a Hollywood an rubuta kalaman da Porky ke sallamar 'yan kallo da su.

Ba a samu mutum ɗaya da ya gaje shi ba. An rarraba garken tsakanin Jeff Bergman, Joe Alaskey, Greg Burson, Bob Bergen, Billy West da wasu. Shekara uku bayan rasuwarsa kuma sana'ar ta juya. A 1992 Robin Williams ya yi aljani a Aladdin, kamfanoni suka gano cewa sunan tauraro na sayar da tikiti. Da Shrek ya zo a 2001 da Mike Myers da Eddie Murphy da Cameron Diaz, abin ya zama doka a manyan fina-finai. Williams gwani ne, Murphy ma haka. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya muryarsu ta yau da kullum suke kawowa, domin abin da aka saya ke nan: ana so mai kallo ya gane su. Blanc da tsaransa aikinsu shi ne kada a gane su. Yadda ake ɗauka ma ya sauya. Yau sau da yawa kowa shi kaɗai yake shiga ɗaki, wani a wannan gari wani a wancan, jaruman da ke musayar zance a fim ba lallai su haɗu ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma kunne na jin sa a inda raha ke buƙatar mutum biyu su kama numfashin juna.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma bara ɗin nan tana da abin kunya. A 1968 aka janye katun 11 na Warner daga talabijin saboda yadda suka wulaƙanta baƙar fata, da manyan leɓɓa da lalaci da caca, kuma cikinsu akwai na Bugs, All This and Rabbit Stew na 1941. Kwaikwayon karin harshen baƙi, na 'yan Meziko da Faransawa da Japanawa, jari ne a rediyo da katun na lokacin, Blanc kuma ya yi da yawa. Lamarin ba koyaushe yake miƙe ba: da tashar Cartoon Network ta ajiye ɓeran nan Speedy Gonzales a 1999, 'yan asalin Latin Amurka na cikin waɗanda suka matsa aka dawo da shi a 2002, domin a wurinsu jarumi ne da kullum ke kayar da kyanwa. Duk da haka, tambayar wa ya cancanci ya yi muryar wa ta zauna daram. A 2020 Hank Azaria ya ajiye muryar Apu, Ba'indiyen The Simpsons. Yau ɗaya daga cikin masu yin Bugs da Daffy shi ne Eric Bauza, ɗan Kanada wanda iyayensa suka fito daga Filifin, ana rubuta sunansa, har ya ci kyautar Emmy a kan aikin. Da wuya ƙofar sutudiyon 1940 ta buɗe wa irinsa.

Sabuwar rigimar ta fi waɗannan zurfi. Tun a 2011 Warner ya ɗauko wata waƙa da Blanc ya naɗa a farkon shekarun 1950, ya gina sabon katun na Tweety da Sylvester a kanta. Wannan aƙalla abin da ya fito daga bakinsa ne. A 2022 kuwa wani kamfanin Yukiren mai suna Respeecher ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya samar da sababbin kalamai da muryar James Earl Jones a matsayin Darth Vader, da izininsa. Na'urar abin da take buƙata shi ne tarin tsofaffin faifai, Blanc kuma ya bar aikin sama da shekara 60.

Masu sana'ar sun ga inda aka dosa. Ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta yi yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamba na 2023, kuma kwafar murya da kamanni na cikin manyan batutuwan. Masu muryoyin wasannin kwamfuta suka shiga nasu yajin a Yulin 2024, suka yi kusan shekara guda. Abin da suke nema a taƙaice shi ne a nemi izini, a kuma biya. Ƙarar da Blanc ya kai a kan dariyar Woody ita ce dai ta dawo, sai dai yanzu ba maimaita dariya ɗaya ake yi ba, ana iya sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

A watan Satumba na 2024 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa ba a kwafi murya ko kamannin ɗan wasan da ya rasu da na'ura ba sai da yardar magadansa. Mataki ne mai kyau, kuma da a ce akwai irinsa a 1948 da wataƙila shari'ar Blanc ta ɗauki wani salo. Amma lamarinsa ya fi na yawancin 'yan wasa sarƙaƙiya. Bugs mallakar Warner ne tun 1944, lokacin da kamfanin ya sayi sutudiyon Schlesinger. Muryar zomon kuma ba ita ce Blanc ke magana da ita a gida ba, ƙirƙirarta ya yi bisa kwantiragi, ga shi wasu sun shafe fiye da shekara 30 suna kwaikwayonta da izinin kamfanin. In wata rana aka ɗura wa na'ura faifan 1951 aka ce ta yi sabon fim, kotu ce za ta raba tsakanin haƙƙin kamfani da na iyalinsa, kuma aikin Bauza da Bergman da Bergen na cikin abin da hukuncin zai taɓa.